Esansin Labbo

Ku ji abin da Labbo mai esansi, wato fetur, ya yi min, da abin da ni ma na yi mishi yau!

Sati biyu ke nan tsohon injin jirgina, wanda nake zuwa su da shi a tabki, ba ya ja. In na tada shi sai ya ɗan yi tafiya, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu. Na canza buji, wato filogi. Na kwance karbirata na wanke. A banza! Ragata ta kwana biyu cikin ruwa, kifi duk ya ruɓe.

Yau da hantsi Sa'idu makanike ya zo daga Malbaza. Bai ko taɓa injin ba. Ya ce, "Zuba min esansinka a kwalba." Na zuba. Jama'a! Sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, har da gansakuka! Kuma wurin Labbo nake saye, maƙwabcina, mai ɗauko shi daga Najeriya a jarka.

Ban yi faɗa ba. Na tafi na ce, "Labbo, taho ka zaɓi kifi da kanka cikin raga." Ya shigo jirgi da sabuwar rigarshi, yana washe baki. Na cika tanki da kayanshi. Muna kaiwa tsakiyar tabki, inji ya yi tari ya mutu. Rana ta take, shi kuwa bai iya iyo ba!

Ya ce, "Malam Sani, mi ya faru?"

Na nuna mishi kwalbar, na miƙa mishi filafili. Na ce, "Esansinka ya kawo mu, hannunka zai mai da mu."

Na miƙe ƙafa na rufe fuska da malfa.