Daga Maraɗi zuwa Sharaɗa da ƙarfe a buhu

Mun tashi daga tashar Maraɗi ana idar da sallar asuba, ni da buhuna a gindin ƙafa. Ba tsaraba ce a ciki ba, sandar ƙarfe ce ta injin da muke matsar man gyaɗa da shi, ta tsage ana tsakiyar kaka. Mu mata ne muka haɗa hannu muka sayi injin. Ga gyaɗa jibge a ɗaki, masu gyara a garinmu kuma duk sun ce sai dai Kano, a Sharaɗa. Maigidana ƙafa ta matsa masa, sauran matan kowacce da goyo. Haka tafiyar ta faɗo kaina, ni da ban taɓa tsallake iyaka ba.

A Jibiya na canja kuɗi. 'Yar sefar da na ƙulle a bakin zane ta koma damin naira, har na fara jin kaina wata hajiya. Kafin mu bar Katsina kuɗin mota da farantin shinkafa da wake sun dawo da ni hayyacina. A can ne kuma na lura layin wayata ya ɗauke.

Ban damu ba, don ina da masauki: 'yar ƙanwar maigidana tana aure a Kumbotso. Da muka sauka Kano bayan la'asar na ari wayar mai adaidaita sahu na kira ta. Tana ɗauka na ji hayaniyar mutane.

"Inna, ki yi haƙuri. Surukata ce ta rasu, tun safe muna Gumel. Na yi ta neman ki, ba ya shiga."

Na yi mata ta'aziyya, na miƙa wa mutumin wayarsa, na tsaya ina kallon motoci. A duk faɗin garin nan ban san ƙofar kowa ba.

Mai adaidaitan magidanci ne mai furfura a gemu. Ya ce akwai ƙananan masaukai kusa da kamfanonin Sharaɗa, inda direbobi da 'yan sari ke kwana. Na farkon da muka je, wanda ke kan tebur ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce ba sa ba mace ɗaki ita kaɗai. Na fito, ga magariba ta kawo kai.

Na biyun wani gida ne mai koren ƙyaure a cikin lungu. Dattijon da ke kula da shi ya karɓi katin shaidata, ya tambayi abin da ya kawo ni. Maimakon dogon bayani sai na kwance bakin buhu. Ya sunkuya ya shafa tsagewar da yatsa.

"Hajiya, wannan kika ɗauko tun daga Maraɗi? Akwai ɗaki a ɓangaren iyalina. Ki shiga ki huta."

Na ce, "Malam, akwai kuran?"

Ya ɗago. "Kura kuma? A nan?"

Sai da matarsa ta leƙo tana dariya ta ce wutar lantarki nake nufi, haka mutanenmu ke kiran ta. Ya ce to, irin wannan kurar takan zo, amma ba ta daɗewa.

Ɗakin ƙarami ne: katifa a ƙasa, fanka mai ƙara, bokiti da buta, sakata mai kauri a ƙofa. Na tura sakatar, na zauna a bakin katifa. Na yi sallah na daɗe ina godiya. Can uwargidan ta turo min tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kuma ba ni wayarta na kira gida.

Da safe titin ya cika da ma'aikata, wasu sun tashi daga aiki, wasu za su shiga, kowa na tsayawa wajen mai koko da ƙosai. A layin na ji wani yana magana da harshen Damagaram, can ƙasarmu, muka gaisa kamar mun san juna. Shi ya nuna min shagon masu feƙe ƙarfe. Suka auna sandar, suka ce gyara ba zai riƙe ba, sai dai su fitar da sabuwa. Na ƙara kwana ina jira, har na saba da warin roba da kukan injuna, har uwargidan ta fara aike na in duba mata tukunya.

Ranar da na koma, matan na zaune a ƙofar gidanmu. Ba wadda ta tambaye ni gajiyar hanya sai da aka ɗaura sandar, injin ya tashi, mai ya fara zuba a cikin roba. Sannan aka tuna da ni.

Abin da na koya: kada ki dogara da masauki ɗaya, kuma ki sayi layin wayar ƙasar da za ki shiga tun a bakin iyaka. Dattijon nan kuwa da matarsa, galan na farko da muka tace nasu ne. Galan ɗin ya riga ya kama hanyar Kano.