Barewar Gidan Hadley

Duk unguwar Barbès, can ƙasar Faransawa, an san Malam Maazou tela, mutumin Damagaram da ke aikin wuyan riga a wani ɗan shago kusa da gadar jirgin ƙasa na metro. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a takarda sunansa Maazou Hadley. In Faransawa suka tambaye shi ko ɗan Ingila ne, dariya yake yi ya ce su dubi fuskarsa da kyau. Shekara da shekaru sunan nan bai taɓa damunsa ba.

'Yarsa Salwa ce ta tono zancen. Tana aure a Rillieux-la-Pape, can gefen Lyon, kuma tun tana da ciki ta duƙufa neman asali a intanet. Yaran zamani ke nan, ba su barin kaza cikin gashinta. Wani kamfani ya turo mata hoton garkuwa mai kan barewa, wai tambarin gidan Hadley ne tun kaka da kakanni. Kwana biyu da haihuwarta ta kira shi, murya cike da murna.

"Baba, ashe mu jinin Ingila ne! S'il te plaît, don Allah ka ɗinka mini tambarin nan a zanen goyo kafin suna."

Ya ce to, amma kansa ya ɗaure. Da labari biyu ya tashi. Na farko, kakansa Mamadu kukun wani Bature ne a Kano, ana ce masa Mamadu na Hadley, da ya koma Zinder akawun Faransawa ya rubuta shi haka. Na biyu kuwa, wanda mata ke raɗawa a gindin murhu, kakarsa, matar Mamadu, ta dawo daga Kano da cikin Baturen nan, aka haifi mahaifinsa Mounkaila fari sol. Abin da Salwa ta ɗauka alfahari, shi tsoronsa yake ji. In ya ɗinka barewar nan, ya shaida ke nan a gaban 'yan suna cewa ubansa ba ɗan halas ba ne.

Ya kira Goggo Sahadatou a Zinder, ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ta rage cikin manya. Bayan doguwar gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye har ya kai ga tambayar.

"Kai Maazou, waɗanda sunka san wannan duk suna ƙasa," in ji ta. "Ka ci abinci?"

Ana gobe suna ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da zane mai kyau, ba ko ɗigon ado. Salwa ta juya shi gaba da baya.

"Baba, ina barewar?"

Ya zaɓi labarin farko, ya ba ta shi tiryan-tiryan, yana jin kunya har cikin ransa don shi ma bai tabbata ba. "Sunan aro ne, ɗiyata, kamar rigar maigida."

Ya zaci za ta yi fushi. Sai ta gyara wa jinjirin kwanciya, ta jawo wayarta.

"Bon, ba komai. Sai mu nemi namu na gaskiya. Mi ne ne sunan baban Mamadu?"

Malam Maazou ya fara lissafi a fili: Maazou ɗan Mounkaila, Mounkaila ɗan Mamadu. Nan ya tsaya, ko wannan ma bai tabbata ba. Ya sake komawa farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Salwa na jira, yatsa a kan waya.

"Ban sani ba, ɗiyata," ya ce.