Mai Rabo Ba Ya Zaɓe

Shekarar da ni da yayana muka karɓi aron gonar shinkafa a fadamar Auyo, shi ya auna da igiya ya raba biyu. Ya riƙe tudu, ya ba ni kwarin da ambaliya ke cinyewa duk damina.

"Daidai wa daida," in ji shi.

Na ce, "Yaya, igiya tsawo ta sani, ba ta san ruwa ba. Ko kifi ake kasawa, mai rabo ba ya zaɓe. Tunda daidai ne, na ɗauki tudu."

Ya ce karatun tsufan nan da na shiga ya lalata ni. Amma a gaban maƙwabta ya ce rabon daidai ne, ba halin janyewa. Dole ya sake rabon, kowa da tudunsa, kowa da kwarinsa. Ran nan adalci ya shigo gonar.