Yadda Oga Ya Rufe Zauren Masu Lilo

Ni ban taɓa hawa lilo ba, kuma har gobe ba ni da niyya. Ko bene na hau na leƙa ƙasa sai kaina ya juya. Amma na yi shekaru ina cikin wani zaure na intanet wanda ba abin da ake yi a cikinsa sai hirar lilo, da jirgin wasa mai hawa da gangara, da filayen wasan da ke garuruwan da ban taɓa takawa ba. Ƙanena ne ya jawo mini.

Direban babbar mota ne. Yana ɗaukar tumatir da kabeji daga Farin Gada ya kai Kudu. In sun sauke kaya, sauran direbobi su nemi inuwa su miƙe, shi kuwa ya wanke fuska ya tafi neman filin wasa. Gardi da gemunsa, ya bi layi da yara, ya hau duk wani abu da ke juyawa. In ya dawo Jos, kafin ma ya zo ya gaishe ni a shagon ɗinkina da ke Ali Kazaure, sai ya fara biyawa kafe, wato shagon intanet, ya rubuta wa mutanensa rahoto. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Ya ce in zo in gani da idona, ya buɗe mini adireshin imel, ya tura ni ciki ina ƙunƙuni.

Tsarin zauren mai sauƙi ne. Ka aika saƙo ɗaya ya isa ga kowa, kuma ya zauna a shafin zauren, duk wanda ya shigo daga baya zai iya karantawa. Da Hausa ake yi, da Turanci, da Turancin burokin, kowa da abin da ya fi masa sauƙi. A can ba a kiran ƙanena da sunansa, Direba kawai ake ce masa.

Wanda ya kafa zauren tun farkon shekarun dubu biyu wani dattijo ne da kowa ke kira Oga. Iyayensa daga Gabas suka zo aikin kuza, a Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya yi aikin gyaran manyan injuna har ya gaji, sannan ya buɗe shagon kayan gyara. Mutum ne da in ka ba shi kujera sai ya girgiza ta kafin ya zauna. Mutane suna zuwa filin wasa don su yi ihu su ji daɗi, shi yana zuwa ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin injin, sannan ya hau.

Doka biyu ya kafa. Ta farko, ba ka ba da labarin lilon da ba ka hau da kanka ba, “an ce” ba ta shiga zauren. Kuma in ka rubuta, Oga zai bi ka da tambayoyi kamar ɗan sanda: sakatar da ke riƙe ƙarfen kujera tana shiga har ƙarshe? Wane irin ƙara injin yake yi? Mai kula da shi yana tsaye kusa da makunni, ko yana can yana hira? Ta biyu ita ce wadda ya fi tsanantawa a kai. Duk rahoton da ya cika shekara, Oga zai rubuta masa a kai da manyan baƙaƙe, YA TSUFA, har sai wani ya sake zuwa ya hau ya kawo sabon labari. Yakan ce ƙarfe ba ya zama yadda ka bar shi. Kowace Asabar yana kafe da wani littafinsa mai baƙin bango, yana bin rahotanni ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in Sallah ko Kirsimeti ta matso, iyaye ke cika zauren. Sun san duk rahoton da ba shi da tambarin Oga, za su iya ɗaukar ’ya’yansu su tafi da zuciya ɗaya.

Rahotannin ƙanena sun fi na kowa farin jini. Yadda yake magana haka yake rubutu. Akwai wanda ya ce lilon ya juya shi har ya yafe wa duk wanda ya taɓa tsallake shi a layin lodi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ko mako bai cika a kwance ba. Oga ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma da maza a ƙofar gida. Bayan an watse da ’yan kwanaki, na koma kafe, ban ma san me ya kai ni ba. Ina buɗewa na tarar wani ya rubuta: “Direba, na kai yara wurin nan da ka faɗa, Allah ya saka.” Wani kuma yana tambayarsa yaushe zai je Ikko. A gida kowa na cewa marigayi, a nan ana yi masa magana kamar yana hanya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tashi na tafi shagon Oga, na ce kada ya sanar da rasuwar, kuma kada ya sa wa rahotannin ƙanena wannan tambari nasa.

Ya ce, “Yaya, sanarwa taku ce, ba zan shiga gabanku ba. Amma tambari doka ce.” Yaya yake ce mini duk da a haife ya haife ni, a bakin ƙanena ya ɗauka.

Ni fa ba ni da haƙuri, kowa a layinmu ya sani. Na ce masa ƙanena ba tumatir ba ne da za a rubuta masa ya tsufa. Na ce ashe duk zaman da suka yi bai wuce noti da giris a wurinsa ba. Na faɗi abin da ya fi haka ma, sannan kuka ya ƙwace mini a gaban masu sayen kaya. Oga ya ajiye wani ƙarfe da ke hannunsa. Can ya ce, “To, na ji.”

Kusan shekara uku ya riƙe mini wannan alkawari. Kowace Asabar in na rufe shago da la’asar sai in biya kafe. Ba rahotannin nake zuwa karantawa ba, waɗannan na haddace su. Abin da ke kai ni shi ne sababbin mutane da ke shigowa suna yi masa godiya, suna tsokanarsa, wasu har suna fushi wai bai ba su amsa ba. Wannan kaɗai ya rage mini, kuma na riƙe shi da hannu biyu. Sau da yawa Oga na kujerar da ke gefe da littafinsa. In ya iso kan na ƙanena sai in ga ya tsallake, bai taɓa ɗago kai ya dube ni ba.

Sai wata Sallah, wani ma’aikaci da ke zaune a Kuru ya ɗauki iyalinsa suka tafi hutu wani gari a Kudu. Kafin su tashi ya duba zauren, ya ga rahoton Direba a kan wani ƙaramin lilo mai kujeru, an yabe shi, ba tambari. Kwanan watan da aka rubuta shi yana nan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, amma wa ke dubawa? Kowa ya saba Oga ya duba masa. Sakatar kujera ta ci tsatsa, ta buɗe ana cikin juyawa, ’yarsa mai shekara bakwai ta faɗo ta karye a hannu. Allah ya taƙaita, abin bai riga ya yi sama sosai ba.

Mutumin bai zagi kowa ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne: “Direba, ka ce sakatar lafiya lau take. Don Allah yaushe ka hau?”

Na karanta wannan tambaya, na sake karantawa. Kafin in san abin yi, amsar Oga ta shigo. Ya ce rahoton ya kusa shekara uku, shi ne ya kamata ya sa masa tambari bai sa ba, kuma ba mantawa ya yi ba, yana sane ya bari. Laifin nasa ne shi kaɗai. Bai ambace ni ba, bai ambaci rasuwar ba. Daga baya na ji ya shiga mota ya je Kuru da kansa ya duba yarinyar. A ƙarshen saƙon ya ce ya bi duk tsofaffin rahotanni ya sa musu tambari, kuma Asabar ta ƙarshe a watan zai rufe zauren ya sauke shafin gaba ɗaya. Duk mai son ya kwafi wani abu nasa ya kwafa kafin nan.

Zaure ya ɗauki zafi. Wasu na roƙo, wasu na cewa ya ba su su ci gaba. Ya ce duk mai so ya buɗe nasa, zai ma taya shi, amma ba da wannan suna ba, ba kuma da waɗannan tsofaffin rahotanni ba.

Kunya ce ya kamata ta hana ni zuwa shagonsa, amma fushi ya fi ta ƙarfi. Na same shi yana jera kaya a kanta. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, “Oga, kuskure ɗaya a shekara nawa? Ka gyara, magana ta ƙare. Me ya kawo rufewa?”

Ya ce in zauna, na ƙi.

Ya ce, “Yaya, mutanen nan sun daina dubawa ne saboda sun san ina dubawa. Abin da zauren ya tsaya a kai ke nan, ba wani abu. Yanzu uba zai buɗe rahoto, bai san ko wannan ma na ji tausayin wani na bar shi ba.”

Na ce ai ba zai sake ba.

Ya ce, “Zan sake. In kika dawo gobe kina kuka irin na ranar nan, wallahi zan sake. Da ban san haka nake ba, yanzu na sani. Mai irin wannan zuciya bai kamata ya riƙe littafin nan ba.”

Sai a lokacin na zauna. Na taɓa ganin mutane sun amsa laifi don a yabe su, na ga waɗanda suka amsa don an ƙure su. Ban taɓa ganin wanda ya auna kansa yadda yake auna ƙarfe ba, ya ga inda ya lanƙwashe, ya cire kansa daga aiki, alhali wannan zaure shi ne abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa. Kuma ko sau ɗaya bai ce ni na jawo ba.

Na ce, “To ni ce ai.”

Ya ce, “Ke kin roƙa ne. Ni na amsa.”

Kwana biyu ina ɗinki ina farkewa. Rana ta uku na rufe shago da hantsi na tafi kafe. Da yatsa ɗaya nake bugawa, na goge ya fi sau goma. Na gaya musu ni yayar Direba ce, ya rasu kusan shekara uku da suka wuce, ni na hana a faɗa, ni na roƙi a bar rahotanninsa haka, don ina son in riƙa jin ana kiransa. Na nemi gafarar mutumin Kuru da ’yarsa. Rannan na fara rubuta kalmar rasuwa kusa da sunan ƙanena da hannuna.

Na zaci zagi zai biyo baya, na ma shirya masa. Ta’aziyya ce ta yi ta shigowa. Daga Kano, daga Fatakwal, daga wasu da ke ƙasar waje, Musulmi da Kirista, kowa da irin addu’arsa. Wata mata ta ce ta yi wata biyu tana jin haushinsa don bai amsa mata ba, a yafe mata. Wani ya ce sun taɓa haɗuwa a layin lilo, ƙanena ya ɗauki ɗansa a kafaɗa don ya hango gaba. Ban san wannan labarin ba, da wasu da yawa irinsa. Mutumin Kuru ya rubuto shi ma, layi biyu: an cire wa yarinya ɗauri, kuma Allah ya jiƙan Direba.

Asabar ta ƙarshe na tarar da Oga a kafe, ya sa riga mai tsabta kamar mai zuwa coci, bai zo da littafin ba. Ya riga ya rubuta bankwanansa, gajere ne, godiya ce kawai da roƙon kowa ya riƙa girgiza ƙarfen kujera da hannunsa kafin ya zaunar da yaro. Saura ya danna wuri ɗaya shafin ya sauka. Ni ina kwamfutar da ke gefensa, saƙonnin gaisuwa ba su daina shigowa ba tun safe.

Ya ce, “Yaya, kin gama karantawa?”

Na ce saura.

Ya janye hannunsa, ya ɗora a gwiwa. Wuta ta ɗauke, mai kafe ya je ya tayar da janareto, muka jira komai ya dawo. Ni dama ba ni da saurin karatu, ga ido ya cika da ruwa. Mutane suka shigo suka fita, aka kira la’asar, Oga bai duba agogo ba, bai yi gyaran murya ba. Da na kai na ƙarshe na koma na farko na sake bi, ya ga na koma, ya ci gaba da jira.

Sai da na goge fuska da gefen mayafi na ce, “Na gama, Oga.”

Ya ce, “Allah ya jiƙansa.” Sannan ya danna.