Na'urar da ta nemi fayil ɗin Lawal

Jama'a, abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma Allah shi ne shaida. Shekarun baya ne, lokacin da nake aiki a Ƙanƙara da wani ɗan kamfani da ya karɓi kwangilar sa wa ƙananan asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kwamfutoci, irin manyan nan da muke ce wa saba, waɗanda ke riƙe bayanan marasa lafiya.

Yadda aikin yake, ba sai ka zauna gaban kowace na'ura kana danne-danne ba. Kowace tana da lambarta da aka ƙera ta da ita, babu biyu masu iri ɗaya, ni kuma a ofis sai in rubuta mata fayil nata, in zuba komai a ciki: sunan da za ta amsa, manhajojin da za ta ɗauka, da yadda za ta tsara kanta. In an kai ta ƙauye aka jona mata wuta da waya, da kanta za ta biyo ta dogayen ƙarafunan sadarwa da muka kakkafa ta nemi fayil ɗinta, ta shirya kanta tsaf, in ta gama sai ta buɗe wata 'yar kafa da wanda ke gabanta zai iya rubuto mini magana.

Mu biyu ne rak, ni da Lawal. Ni ne na zaman ofis, shi ne na hanya, don ni ko keke ban iya da kyau ba, shi kuwa ya ɗaure saba a bayan babur ya ratsa Mairuwa da Ruwan Godiya kamar mai zuwa cin kasuwa. Duk na'urar da ta gama shiri, abin da yake fara rubuto mini ɗaya ne, wai ango na kujera, na ci abinci kuwa? Haushi yake ba ni, don a lokacin ni gwauro ne, ɗaki ɗaya nake haya, kuma ban san kowa a garin ba sai shi.

Wata rana da damina ya ɗauki sabar wani asibiti da ke bayan Sabuwa, bai isa ba. Bayan 'yan kwanaki 'yan sa-kai suka tsinci babur ɗinsa a ƙone a bakin daji, suka kawo mini sabar a cikin buhu, ta yi baƙi ƙirin, robarta duk ta narke. Shi kuwa babu gawa, babu labari, babu wanda ya kira. Na tura buhun ƙarƙashin tebur, don na kasa yar da shi.

Daga nan kaɗaici ya yi mini sallama. In yini ban yi magana da kowa ba sai mai shayi. Mahaifinsa kaɗai ke leƙo ni ranar kasuwa, dattijo manomi daga wajen Faskari, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon fitilun na'urori. Ya san ta nan ɗansa ke yi mini magana, sai wata rana da zai tashi ya ce, "Ɗana, in ya yi magana ta cikin injin naku, ka hwaɗa mashi uwarshi na gaishe shi."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce?

Da aka daɗe, mutanen ƙauyen nan suka watse, asibitin ya zama kufai, har solar da ke ba ƙarfenmu na can wuta aka kwance. Sai ogan kamfanin ya aiko cewa in share fayilolin duk wuraren da aka rufe. Aiki ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya da safe, har na wancan asibitin, na share na tafi masallaci.

Na dawo daga azahar ke nan, rana tsaka, ana ta hayaniyar masu babura a waje, sai na ga rubutu yana gudu a fuskar kwamfutata. Wata na'ura ce ke neman fayil ɗinta, ana ce mata babu, ta ɗan jira ta sake nema. Na duba lambar, na sake dubawa, wallahi tallahi ta sabar Lawal ce, kuma ta ƙarfen nan da ba shi da wuta take shigowa. Na janyo buhun, na goge toka da bakin rigata, ga lambar nan a jikin ƙarfenta, ita ce ba wata ba, ga ta a gabana ko waya babu a jikinta.

Tsoro ya kama ni, amma abin da ya fi tsoron ƙarfi shi ne, in ta samu fayil ta gama shiri, kafar nan za ta buɗe, ko wane ne a can zai iya yi mini magana. Na zauna na fara rubuta fayil ɗin daga ka, aikin da nake yi ido rufe, ranar nan yatsuna suka ƙi ni, in rubuta in goge, ita kuwa tana ta nema kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, tazarar tana ƙara nisa. Ban san sanda na fara magana a fili ba, ina cewa Lawal ka jira, don Allah ka jira.

Na gama, na ajiye shi a mazauninsa. Ba ta sake nema ba. Na zauna a gurin har aka kira la'asar, har magariba.

Na nuna wa oga, ya ce wataƙila wani ne ya kwaikwayi lambar. Na tambaye shi ta wane ƙarfe, kuma don ya sami me? Baba kuwa da ya zo ranar kasuwa na ba shi labari tiryan-tiryan, bai yi mamaki ba ko kaɗan, abu ɗaya ya tambaye ni, ko na isar da gaisuwar. Na ce ban samu dama ba. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa.

Na bar aikin tuntuni, amma kafin in tafi na roƙi wanda ya gaje ni kada ya taɓa fayil ɗin, kuma a layinsa na ƙarshe na rubuta gaisuwar uwarsa, yadda duk ranar da aka nema ita za a fara gani. Har yau ba a nema ba, ni kuma har yau in na zauna cin abinci ni kaɗai sai in ji kamar zai rubuto yana tambayar ango na kujera ko ya ci abinci. Ku dai, wanda bai dawo ba, kada ku yi saurin share masa wuri, ku bar shi a buɗe ku yi ta addu'a.