Tattabarun Yendi da Wuƙar Baba

Jama'a, ashe abin nan yana da suna! Yau ina karance-karancena na ci karo da shi: zazzaɓin Yammacin Nilu. Yana cikin jinin tsuntsu, sauro ya ciji tsuntsun, ya zo ya ciji mutum. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Shekarun baya, cikin alif ɗari tara da tamanin da wani abu, muna Bawku, kawuna mai tuƙa lori zuwa Salaga ya sayo min tattabaru a Yendi. Ni da su kamar uwa da 'ya'ya. Na yi musu ɗaki da tsoffin tukwane a bayan ɗakin kakata, nan inda mahaifiyata ke jera kaskon ruwan zabinta.

Da damina sai hankaki suka fara faɗowa matattu a unguwa. Ba a jima ba kakata ta kwanta: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sage. An ba ta kulorokwin, ko gezau, har aka kwantar da ita a asibiti. Maƙwabta suka ce ciwon tsuntsu ne. Mahaifina ya ɗauko wuƙa ya hau wasawa, ya ce, "Ranar da aka sallamo ta, ko gashin tattabara ba zai kwana gidan nan ba."

A asibiti wata nas ta ce masa, "Baba, ba mu san ko mene ne ba. Amma ba daga taɓa tsuntsu ba ne. Ku zubar da ruwan kaskon nan, ku rataya mata gidan sauro."

An kife kasko kaf, amma wuƙa tana nan.

Ranar da kakata ta dawo, tana kan tabarma da ƙyar take ɗaga kai, ta ji ina kuka kan tattabaruna kamar an yi mutuwa. Ta kalle ni ta ce, "Kai maigida, da nake asibiti ka yi min irin wannan kukan?" Kunya ta kama ni, don gaskiya ban yi ba.

Ta juya ga mahaifina. "Ni ce mai ciwo, ni zan yanke hukunci. Biyu kawai za a yanka, romo nake so. Sauran ka bar wa mijina dukiyarsa."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Sai ya je ya yanka biyun.

Aka yi romo, ta ce ba ta sha sai da ni. Ina hawaye ina sha. Kar ku gaya wa kowa, har ƙari na nema.

Ban ce lalle ciwon nan ne ya kama ta ba, ba wanda ya gwada jininta. Amma har yau ba na ƙyale ruwa ya kwana a kasko, kuma jikokin tattabarun nan suna gidanmu.

Ku fa, wace tsohuwa ce ta taɓa shiga tsakaninku da wuƙar babanku? Ku ba ni labari.