Baba Ninki, Mai Tsaron Saman Shafi

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a bencin masu jiran likita, shi da ba ciwo ya kawo shi ba. Ya zuba wa yatsun mutane ido, yana lura da wanda ya ja shafin intanet na asibitinmu zuwa ƙasa, da wanda ya leƙa sama kawai ya rufe. Sai takwas yake shiga ɗan ofishinsa na bayan ɗakin magani. Shekara goma sha tara ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A gidan jarida ya fara, inda ake ninke takarda biyu, babban labari ya zauna a rabin sama. Da ya koma tsara shafukan intanet bai bar zancen ba, shi ya sa muke ce masa Baba Ninki.

Ni ce jami'ar yaɗa labarai, kuma ni na fi kowa yi masa gardama. Da aka gama sabon gini, na so hotonsa ya cika saman shafin, lambar gaggawa ta gangara ƙasa.

"Baba, zamani ya wuce ninki," na ce. "Yanzu ko kakata ta iya jan waya."

"Ta iya, 'yata, in hankalinta a kwance yake. Kin taɓa ganin yatsan wanda ya firgita?"

Muka kai gaban shugaban asibiti. Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa shugaba tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya ɗora masa jakar fayil a ɗaya hannun, ya ce ya nemo lambar a shafin yadda nake so a tsara shi. Shugaba ya yi ta fama har jakar ta zube. Aka bar lamba a sama. Na yi sati ina gaishe da Baba a daƙile.

Bayan wata biyu, da tsakar rana, wata tela ta shigo da gudu ɗauke da 'yarta mai shekara biyu da ta sha kananzir. Da yarinyar ta farfaɗo, uwar ta ba mu labari a gabana. Maƙwabciya har ta tanƙwasa yatsa za ta sa yarinyar amai. Uwar kuwa da hannu ɗaya ta buɗe shafinmu, sai ga lamba, a ƙarƙashinta layi guda: in kananzir ne, kada a sa yaro amai. Layi na gaba ya yanke rabi a gindin waya, ta gane akwai saura, ta ja, ta ga ƙofar da za ta shiga.

Likita ya ce da an yi aman nan, da kananzir ɗin ya shiga huhu. Har yankewar layin ashe da gangan Baba ya yi ta.

Baba, kai ne ka auna tsoron uwa da faɗin fuskar waya. Kai ne ka yarda mutane suna jan shafi, amma ka ƙi jingina ran ɗan wani a kan haka. Ba a taɓa rubuta sunanka a shafin ba ko sau ɗaya.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu tsara shafuka, kafin ku ɗora hoton maigida a sama, ku tuna akwai mai buɗewa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ɗanta.